Zafi a Cikin Sanyi: Tarihin Makunnin Maganaɗisu Marar Turjiya

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin wata 'yar na'ura wadda ba kasafai littattafan tarihin kimiyya kan tsaya a kanta ba, watau makunnin da ake kulle kwararar lantarki da shi a cikin maganaɗisu marar turjiya, tare da hitar da ke buɗe shi. Mafi yawan manyan na'urorin MRI, waɗanda ake ɗaukar hoton cikin jikin majiyyaci da su a asibiti, da irin wannan maganaɗisu suke aiki. Sau ɗaya ake ɗura masa lantarki, a kulle, a zare wayoyin, ya kuwa ci gaba da aiki shekara da shekaru. Abin da ke cin wuta bayan nan shi ne injin da ke sanyaya shi. Abin da muke son nunawa shi ne, ƙa'idojin da ake bi a yau wajen kunna wannan hita da kashe ta suna da asali, domin kowace ɗaya daga cikinsu amsa ce ga wata matsala da ta kunno kai tun daga 1914.

Kafin mu yi nisa ya kamata mu daidaita a kan kalmomi, tun da yake fannin baƙo ne a Hausa. Da "kwarara" muna nufin gudun lantarki a cikin waya, wanda ake aunawa da amfiya. Da "turjiya" muna nufin cijewar da waya kan yi wa kwarara, wadda ake aunawa da om, ita ce kuma ke sa waya ta yi zafi. "Naɗi" shi ne abin da masu gyaran injin ke kira kwayil. Ƙarfin maganaɗisu kuwa da tesla ake auna shi, kuma tesla 1 daidai take da gaus 10,000 a tsohon ma'auni.

Leiden, 1908 zuwa 1932

A ranar 10 ga Yuli, 1908, Heike Kamerlingh Onnes, shehun malami a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, ya yi nasarar mai da iskar hiliyom ruwa. Wannan ruwa yana tafasa ne a digiri 4.2 na ma'aunin Kelbin, watau wajen digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas, kuma har zuwa 1923 babu wani ɗakin gwaji a duniya da ke iya samar da shi sai na Leiden. A ranar 8 ga Afrilu, 1911, aka auna turjiyar zaiba a cikin wannan sanyi, sai aka ga ta ɓace. Daga baya aka tarar darma da kuza ma haka suke, darma a wajen digiri 7.2, kuza a wajen 3.7. A 1913 aka ba Onnes lambar yabo ta Nobel.

Ganin cewa darma tana naɗuwa, sai Onnes ya fara hangen maganaɗisu mai ƙarfin gaus 100,000, wanda ba zai yi zafi ba, ba kuma zai ci wutar kirki ba. Wannan buri bai je ko'ina ba, domin an tarar da zarar ƙarfin maganaɗisu ya kai wajen gaus 600 sai turjiya ta komo wa darma. Nan ne aka gane cewa abubuwa uku ne ke fitar da ƙarfe daga halin rashin turjiya: zafi in ya wuce iyaka, da ƙarfin maganaɗisu in ya wuce iyaka, da kuma kwarara in ta yi yawa. A wancan lokaci cikas aka ɗauki ukun duka. Za mu ga yadda na farkonsu ya zama kayan aiki.

Gwajin da ya fi shafar zancenmu an yi shi ne a 1914. Onnes ya ɗauki naɗin wayar darma, ya haɗe bakinta biyu ta zama zobe, ya ajiye ta a tsakanin ƙahonin wani maganaɗisu na yau da kullum, ya sanyaya ta da hiliyom, sa'an nan ya janye ƙarfin maganaɗisun. Janyewar nan ta haifar da kwarara a cikin zoben, kamar yadda juyawar janareto kan haifar da ita. Da a wayar tagulla ce, da kwararar ta mutu kafin ƙiftawar ido. A nan kuwa allurar kamfas da aka ajiye kusa da tulun sanyin ta karkace, ta kuma tsaya a karkace muddin akwai hiliyom. Da zoben ya ɗumama ya wuce iyakarsa, nan take allurar ta koma mazauninta. Mu a ganinmu wannan ɓangare na biyu bai kasa na farko muhimmanci ba, ko da yake na farkon ne ya yi suna, domin shi ne ya nuna cewa ɗan zafi kaɗan ya isa ya tsai da abin da in ba don shi ba ba zai tsaya ba.

Onnes ya rasu a 1926. Shekara shida bayan haka, a 1932, Gerrit Flim, wanda shi ne babban ma'aikacin da ke kula da injunan sanyi na Leiden, ya ɗauki zoben darma mai ɗauke da amfiya 200 a cikin tulun hiliyom, ya hau jirgin sama da shi zuwa Landan, aka nuna wa jama'a a wata lacca. Abin al'ajabi ne, amma har a lokacin bai wuce abin kallo ba.

Matsalar shiga rufaffen zobe

Dalilin haka kuwa a fili yake. Hanyar Onnes tana bukatar wani maganaɗisu na waje wanda ƙarfinsa bai kasa wanda ake son samu ba, ke nan ba a ci ribar kome ba. In kuwa aka ce a jona wa rufaffen zobe wuta kai tsaye daga waje, sai kwarara ta bi gajeriyar mahaɗar nan da ta haɗe bakunan biyu, ta ƙyale dogon naɗin. Abin da ke sa haka shi ne wani hali na naɗi da za mu kira nauyin jiki: naɗi ba ya son a ƙara masa kwarara ko a rage masa ita farat ɗaya, yakan yi tirjewa gwargwadon saurin canjin. Da henri ake auna wannan hali. Gajeriyar waya ba ta da shi, don haka ita kwarara za ta zaɓa.

Abin da ake bukata ke nan shi ne ƙofa a kan mahaɗar, wadda za a buɗe yayin ɗuri, a rufe bayan an gama, kuma in ta rufu kada ta bar ko ɗigon turjiya. Shi kansa Onnes ya gwada makunni na dannawa, inda ake matse darma da darma. Irin wannan yana da wuyar sha'ani, domin ƙarfe biyu da aka matse ba lalle ne su haɗu sarai ba kowane lokaci, ga kuma wahalar motsa abu a ƙasan tulu mai sanyin digiri 4. Hanya ta biyu ita ce a yi amfani da ƙarfin maganaɗisu a komo wa mahaɗar da turjiya. A kan wannan dabara ce Dudley Buck na MIT a Amurka ya gina wani ɗan makunni a shekarun 1950, da niyyar a yi kwamfuta da shi. Amma wayar da aka ƙera musamman don ta jure wa ƙarfin maganaɗisu mai yawa ba za ta buɗu da sauƙi ta wannan hanya ba. Saura zafi ke nan.

Sai dai tambayar ba ta matsa wa kowa ba har sai da aka sami waya mai amfani, wannan kuwa ya ɗauki kusan shekara hamsin. A shekarun 1930 Lev Shubnikov, a Kharkov ta Tarayyar Sobiyet, ya nuna cewa wasu gaurayen ƙarafa suna jure wa ƙarfin maganaɗisu fiye da zallan ƙarfe. An kashe shi a 1937 a zamanin Stalin, aikin kuma ya daɗe ba a waiwaye shi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injin da Samuel Collins ya ƙera a MIT ya sa ruwan hiliyom ya samu a jami'o'i da yawa. A tsakiyar shekarun 1950 George Yntema, a Jami'ar Illinois, ya sami wajen tesla 0.7 da wayar niyobiyam da aka naɗa a kan baƙin ƙarfe. (Niyobiyam shi ne ƙarfen da ake fitarwa daga kwalambayit, ma'adinin nan da ake samu tare da kuza a tsaunukan Jos, wanda Nijeriya ta kasance kan gaba wajen fitar da shi a shekarun 1950.) Wajen 1960 Stanley Autler, a ɗakin binciken Lincoln na MIT, ya yi amfani da naɗin niyobiyam mai kullalliyar kwarara wajen tafiyar da wata na'urar ƙara ƙarfin sigina. Sa'an nan a 1961 John Kunzler da abokan aikinsa a Bell suka nuna cewa gaurayen niyobiyam da kuza yana ɗaukar fiye da amfiya 100,000 a kowane murabba'in santimita, a cikin ƙarfin tesla 8.8. Ba da daɗewa ba gaurayen niyobiyam da titaniyam ya biyo baya, shi kuwa yana lanƙwasuwa ba ya karyewa, iyakar zafinsa wajen digiri 9, kuma shi ne ya zama wayar yau da kullum. A 1962 kamfanin Oxford Instruments, wanda Martin da Audrey Wood suka kafa a Ingila a 1959, ya naɗa nasa maganaɗisun na farko. A 1963 File da Mills suka auna raguwar kullalliyar kwarara da ma'auni mai tsananin kaifi, suka ce ba za ta ƙare ba a ƙasa da shekara 100,000. Daga wannan lokaci ne makunnin zafi ya zama abin da ake sa wa maganaɗisun ɗakin gwaji a matsayin al'ada.

Ƙirar makunnin da yadda ake sarrafa shi

Makunnin ba shi da wani sashe mai motsi. Guntuwar waya ce marar turjiya da aka gitta a tsakanin bakunan naɗin biyu, aka naɗe ta tare da siririyar wayar hita, aka lulluɓe su da ƙaro mai hana zafi saurin fita. Akan ninka wayar biyu kafin a naɗe ta, yadda kwarara za ta tafi ta komo ta gefen juna, don kada makunnin ya yi nasa nauyin jikin. Akwai kuma wani bambanci mai ban sha'awa. Wayar babban naɗin akan binne zarurrukanta ne a cikin tsantsar tagulla, domin in wani wuri ya ɗumama kwarara ta sami mafaka. Wayar makunni kuwa a cikin gaurayen tagulla da nikel akan binne ta, wanda ba ya barin lantarki ya wuce da sauƙi, domin ana so ne in ta ɗumama turjiyarta ta yi yawa. Ma'ana, da gangan aka raunana wannan wuri, shi ya sa ya fi kowane sashe saurin lalacewa in aka yi masa garaje.

Bari mu ɗauki misali na lissafi: naɗi mai henri 10, wanda ake son kai shi amfiya 100, da makunni mai om 20 in ya yi zafi. Da farko mai aiki zai kunna hita, wadda ba ta cin fiye da 'yan gomomin miliyamfiya, ya jira makunnin ya wuce digiri 9 ɗin nan, jiran da a cikin ruwan hiliyom yakan kama daga daƙiƙa 'yan gomomi zuwa wajen minti guda. Sa'an nan ya fara ɗuri a hankali. In yana ƙara kashi ɗaya cikin goma na amfiya a kowace daƙiƙa, bolt 1 zai bayyana a bakunan naɗin, ɗurin zai ci wajen minti 17, kuma amfiya 0.05 kacal ke zurarewa ta makunni. Wannan bolt ɗin shi ne shaidar mai aiki. In na'ura tana nuna kwarara na hawa amma bolt ɗin yana sifiri, to makunni bai buɗu ba, wutar tana bin gajeriyar hanya ne, daidai matsalar da muka bayyana a sama.

Da an kai amfiya 100 sai a tsaya har bolt ya sauka zuwa sifiri, alamar 'yar kwararar da ke zurarewa ta gama komawa cikin naɗi. Sai a kashe hita, a sake jira. Jiran nan na biyu shi ne wanda ɗalibai suka fi ƙosawa da shi, domin babu abin da ido ke gani yana faruwa, alhali ƙaron da ya taimaka wa hita wajen riƙe zafi shi ne yanzu ke hana makunnin saurin hucewa. A maganaɗisun da injin ke sanyayawa ba tare da ruwan hiliyom ba, hucewar kan ɗauki mintoci. Wanda ya yi gaggawar rage wuta kafin makunni ya huce, zai janyo kwararar naɗin ta biyo shi ƙasa. In kuwa ya huce sarai, ana iya sauke wutar waje da sauri har zuwa sifiri, kwarara ta ci gaba da kewaya tsakanin naɗi da makunni.

Ribar wannan iri biyu ce. Ta farko tanadin hiliyom: wat 1 na zafi yana ƙafar da wajen lita 1.4 a sa'a guda, don haka hitar da ke cin kashi ɗaya cikin goma na wat, in aka bar ta a kunne, ta isa ta sha fiye da lita 3 a yini da kwana, ban da zafin da wayoyin ɗuri ke shigowa da shi. Ta biyu, wadda ta fi, ita ce natsuwa. Babu na'urar ba da wuta ta yau da kullum da ke iya riƙe kwarara ba rawa kamar yadda rufaffen zobe ke yi. Maganaɗisun MRI ana bukatar kada raguwarsa ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan goma a sa'a.

Haɗarin duka yana wajen komowa. Naɗin misalinmu yana riƙe da jul 50,000, wanda ya isa ya ƙafar da kusan lita 20 na hiliyom, kowace lita kuwa takan zama iska fiye da lita 700 in ta ɗumama. Wanda yake son canza ƙarfin maganaɗisun tilas ne ya fara kai wutar waje daidai amfiya 100, ta kuma fuskanci inda ta fuskanta a da, kafin ya taɓa hita. A ce ya tsaya a 90. Bambancin amfiya 10 ɗin nan ta cikin makunni yake bi, don haka da zarar turjiya ta bayyana, lissafi ya ba da bolt 200 da wat 2,000 a cikin abin da bai fi babban yatsa ba, naɗin kuma zai nemi sauya kwararsa cikin rabin daƙiƙa, watau ninki 200 na saurin da aka yi ɗuri da shi. Akan sa 'yan na'urorin kariya da ake kira dayod don su rage kaifin wannan bugu, amma duk da haka sakamakon yakan zama ɗaya daga cikin biyu: ko makunni ya ƙone, ko kuwa wani sashe na naɗin ya fita daga halin rashin turjiya, zafi ya yaɗu cikinsa kamar wutar daji, hiliyom ya tashi baki ɗaya. Makunnin da ya ƙone kuwa ba a kai gare shi sai an ɗumama tulun an kwance shi.

Daga littafin rajista zuwa ƙwaƙwalwar na'ura

A farkon zamani duk wannan a hannun mutum yake. Hita tana da nata ɗan batir ko na'urar wuta dabam, mai aiki yana duban agogo, adadin amfiyar da aka kulle kuma a littafin rajista ake rubuta shi. Da ƙananan kwamfutoci suka shiga cikin kayan ɗakin gwaji, sai na'urar sarrafa maganaɗisu ta karɓi waɗannan ayyuka: ana shigar mata da ƙarfin wutar hita, da tsawon jiran ɗumama, da na hucewa, tana kuma adana adadin da aka kulle a lokacin da aka kashe hita. Da yawa daga cikinsu sukan yi gargaɗi, ko ma su ƙi kunna hita, in wutar waje ba ta yi daidai da abin da suka adana ba.

Ci gaba ne babu shakka, amma akwai abin da muke ganin ya kamata malamai su riƙa jaddada wa ɗalibai. Bayan an kulle makunni, na'urar ba ta auna abin da ke gudana a cikin naɗin, tuna shi kawai take yi. In maganaɗisun ya zubar da kwararsa cikin dare saboda ƙarancin hiliyom, ko aka sauya na'urar da wata, ko aka juya wayoyin ɗuri, adadin da ke kan allo ya zama tsohon labari, na'urar kuwa za ta bi shi da cikakkiyar amincewa. Saboda haka masu taka-tsantsan ba su daina rubutu a littafi ba, sukan kuma auna ƙarfin maganaɗisun da wani ma'auni dabam kafin su kunna hita. Aikin da allurar kamfas ta yi a 1914 ke nan.

A 1980 Oxford Instruments ya ƙera maganaɗisu marar turjiya wanda mutum ke iya shiga cikinsa sukutum, daga nan kuma makunnin zafi ya bar jami'a ya shiga asibiti. Jirgin ƙasan nan na Japan mai tashi bisa maganaɗisu, wanda ya yi gudun kilomita 603 a sa'a a 2015, shi ma da kullalliyar kwarara maganaɗisunsa ke aiki. Amma ba ko'ina dabarar ta dace ba. Manyan maganaɗisu 1,232 da ke lanƙwasa hanyar ƙwayoyin zarra a babban zoben CERN a jone suke da wuta kullum, domin ana hawa da sauka da ƙarfinsu a kowane zagayen aiki.

Sababbin wayoyi ma sun zo da tasu matsalar. Bayan abin da Bednorz da Müller suka gano a 1986, an sami sinadarai masu kama da tangaran waɗanda ke rasa turjiya a sama da digiri 90. Makunnin da aka yi da irinsu yana bukatar ɗumamawa mai nisa da hucewa mai tsawo, abin da ya fi wuya kuma shi ne haɗa bakin waya da baki ba tare da saura turjiya ba. A misalinmu na henri 10, in ana son natsuwa irin ta MRI, turjiyar zoben duka ba za ta wuce kashi 3 cikin biliyan 10 na om ba. Wannan ne ya sa maganaɗisun da aka kammala a Tsukuba ta Japan a 2015, mai ƙarfin tesla 24, wanda naɗinsa na ciki na sabuwar waya ne, ba a kulle shi ba, aka bar shi a jone da wata na'urar ba da wuta mai tsananin natsuwa dare da rana. Sai a 2021 wasu masu bincike a cibiyar RIKEN, su ma a Japan, suka ba da rahoton wani maganaɗisu mai wajen tesla 9.4, mai mahaɗai marasa turjiya a sabuwar wayar, wanda ya shekara biyu a kulle.